Katin magani kyauta a ƙauyukan Jigawa: me yake tsinana wa mai nakasa?

Mutanen karkara sun fi saninsa da katin magani kyauta. A takardun gwamnati sunansa BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko. A Jigawa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA, ita ke yi wa mutane rajista, a Kano kuma KSCHMA. Ra'ayinmu a kansa a fili yake: duk gurgu, makaho, kurma, zabiya ko mai taɓin hankali da rajista ta zo mazaɓarsa, kada a bar shi a gida. Katin yana aiki sosai a kan cututtukan yau da kullum. A kan larurar da ta keɓanci nakasa kuwa ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ɗan abin da yake yi ɗin ma ya dogara ne kacokan ga kuɗin da ake turo wa asibiti. In kuɗin ya ragu ko ya makara, mai nakasa ne ke fara ji a jikinsa.

Sai an san hanyar kuɗin ake gane inda ruwa ke yankewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta kafa asusun, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ba a sa shi cikin kasafi ba sai a 2018. Dokar ta raba shi uku: rabi ya tafi biyan inshorar talakawa, kashi 45 ya tafi magunguna, gyaran gini, kayan aiki da ma'aikata a ƙananan asibitoci, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai cikakken aiki. Jigawa tana da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 484 a ƙananan hukumomi 44. Sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci masu nakasar jiki da ta ƙwaƙwalwa ƙarara cikin masu raunin da gwamnati za ta biya wa, tare da mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da matalauta. Saboda haka katin ba sadaka ba ce, kuma ba alfarmar kansila ba ce. Haƙƙi ne da doka ta rubuta.

Asibitin mazaɓa yana samun kuɗi ta ƙofa biyu. Akwai na gudanarwa da ake turowa asusunsa kai tsaye duk wata uku, wanda a shekarun farko bai wuce kusan naira dubu 300 ba. Akwai kuma kuɗin kai: wani adadi da ake biya duk wata a kan kowane mutum mai rajista, ko ya zo asibiti ko bai zo ba. Da aka fara, naira 570 ne a wata. A ce asibiti yana da mutum 500 a jerinsa, ke nan naira 285,000 ne zai sayi maganin wata da su. Dabarar ita ce masu lafiya su ɗauki nauyin marasa lafiya, tun da ba kowa ke zuwa ba. To amma mai farfaɗiya ba ya tsallake wata. Wanda ke da robar fitsari ba ya tsallake wata. Su ne mutanen da lissafin kuɗin kai bai yi la'akari da su ba, su ne kuma ake fara ce wa "babu" idan kantar magani ta fara bushewa.

Rajista ita ce shingen farko, kuma a nan ake zubar da mutane da yawa. Ana buƙatar lambar NIN. Ana ɗauko sunaye daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta jiha, ko ta hannun masu unguwanni da kwamitin ci gaban mazaɓa, sannan jami'ai su zo da na'ura su ɗauki hoto da bayanai cikin 'yan kwanaki, galibi a makarantar firamare, ƙofar dagaci ko harabar asibiti. Wanda ke kwance a ɗaki shekara uku ba zai ji shela ba, in ya ji ma babu mai ɗauko shi. Kurma ba ya jin sanarwar masallaci ko ta rediyo. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu yakan maƙale tun wajen yin NIN, domin na'ura ta ƙi karanta zanen yatsa, alhali akwai gurbin da ake nuna cewa yatsun babu. A nemi jami'i ya bi ta wannan gurbin, kada a yarda da "ka dawo gobe". Wata matsalar ita ce saɓanin suna: NIN ta ce Muhammad, jerin mazaɓa ya ce Mamman, sai sunan ya faɗi a kwamfuta ba tare da kowa ya sani ba. Maganin wannan shi ne a je da takardar NIN a hannu a tabbatar an kwafi sunan harafi da harafi, a kuma koma asibiti bayan wata ɗaya ko biyu a roƙi incaji, wato shugaban asibitin, ya duba ko sunan ya fito a jerin da aka turo masa. Kati a aljihu ba tare da suna a jeri ba, ba ya ba da ko farasitamol.

Sarakunan makafi, guragu da kutare sun san mutanensu gida-gida. Inda aka sa su cikin aikin tun farko, aka kuma ware rana guda ta bin gidaje da na'ura, jerin yakan fito da gaskiya. Inda aka bar shi a hannun 'yan siyasa kaɗai, gurbin yakan cika da masu ƙafa.

Abin da katin ya iya, ya iya. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa, gudawa, ciwon huhun yara, awon ciki, haihuwa a hannun ungozomar asibiti, awon hawan jini da suga, ɗinkin ƙaramin rauni, duk babu ko sisi ga mai rajista. Idan haihuwa ta zo da gardama aka tura mace babban asibiti da takardar da ta dace, tiyatar ma shirin ne ke biya. Ga macen da shan inna ta lanƙwasa wa ƙugu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don irinta ta fi fuskantar doguwar naƙuda, kuma doguwar naƙuda ce ke kai mata sashen yoyon fitsari na Jahun. A gidan da abin shigarsa bai wuce bara ko ɗan alawus ba (a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 a wata), zazzaɓi biyu a damina sun isa su cinye abincin wata. Katin yana tare wannan, kuma ya cancanci yabo a kai.

Ginin kansa labari ne dabam. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Asibitocin da aka sabunta da yawa sun sami gangaren keke, amma sau da yawa magini ya yi shi a tsaye kamar tsani. Ƙa'idar ita ce duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu. Dakali mai tsayin santimita 45 yana buƙatar gangare mai fiye da mita biyar, da ƙarfen dafawa a gefe. Keken guragu na gida mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, ya fi keken asibiti tsawo da faɗi, don haka ko ya hau gangaren ba ya shiga ƙofar ɗakin duba marasa lafiya. Sai mutum ya sauka ya ja jiki a kan simintin da kowa ya taka. Gadon awo yana da tsayi, ba ya sauka. Bayan gida na tsuguno ne, babu abin riƙewa. Kujerar roba da aka huda tsakiyarta, ƙarfe biyu a bango, da ɗan benci mai hawa biyu a gindin gado ba su kai kuɗin fenti ba, kuma suna cikin abin da kuɗin gudanarwa zai iya yi. Dokar ta kuma ce a fara sallamar mai nakasa idan ana layi. Wannan ba ya cin kuɗi, sai dai a rubuta a manna a ƙofa.

Ga kurame, ma'aikacin da ya iya maganar hannu abu ne mai wuya a karkara. Ɗan uwa ne ke fassara, kuma mace ba za ta faɗi ciwon mara ko abin da aka yi mata da ƙarfi a gaban ƙaninta ba. Ga makafi kuma, ana rubuta "1-1-1" a jikin ambulan a miƙa. Ma'aikaci mai kula yakan ɗaura roba guda a kwalin da ake sha sau ɗaya, roba biyu a na sau biyu, ya sa mutum ya shafa da hannunsa kafin ya tafi.

Yanzu ga inda yankewar kuɗi ke yin ɓarna ta gaske.

Farfaɗiya. Maganinta, irin su fenobabiton da kabamazafin, ba tsada ne da su can ba, amma sharaɗinsu guda: kullum, ba fashi, shekara da shekaru. Wanda ya saba da su aka yanke masa rana tsaka, faɗuwar takan dawo da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci ta zo a jere ba ya farfaɗowa a tsakani. Jijjigar da ta wuce minti biyar ta zama ta gaggawa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ta kai ga rasa rai. A ƙauye faɗuwa tana nufin murhu, rijiya ko kududdufi. Yarinyar da ta faɗa wuta ta ƙone hannu, fata ta haɗe yatsu, ta ƙara nakasa ta biyu a kan ta farko, kuma jinyar ƙunar kaɗai ta ninka kuɗin maganin shekara sau da yawa. A takarda waɗannan magunguna suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. A kan kantar asibitin mazaɓa ba kullum ake ganinsu ba, sai an je babban asibiti ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau, kuma katin ba ya biyan kuɗin mota. Shawararmu ga iyali: kada a jira ƙwayar ƙarshe, a koma karɓa saura na kwana bakwai. In faɗuwa ta zo a kwantar da mai ciwon ta gefe, a janye shi daga wuta, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu har sai ya dawo hayyacinsa sarai. Haka maganin taɓin hankali yake. Idan ya yanke ciwon ya tashi, iyalin da suka rasa yadda za su yi sukan koma ga ɗauri da mari da ɗaki a kulle.

Sai waɗanda laka ta taɓu, galibi daga haɗarin babur, faɗowa daga bishiya ko ruftawar rami. Abu biyu ke kashe su, kuma duka ana iya tare su da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Na farko gyambon kwanciya. Jini ba ya zagayawa a inda ƙashi ya danne fata, kuma mutumin ba ya jin zafin da zai sa ya juya. Yana farawa da tabo mai duhu ko ja a ƙashin gindi, kwatangwalo ko dunduniya. Dole a juya shi duk awa biyu dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, shimfiɗa ta kasance a bushe babu tsakuwa ko ɓarɓashin abinci. In fata ta buɗe, wanki ne kullum da ruwan gishiri (lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali biyu na gishiri, a bar shi ya huce), da auduga mai tsabta, bandeji da safar hannu. Waɗannan su ne kayan da asibiti ke fara tsimi idan kuɗi ya makara. Gyambon da ya rasa wanki sati biyu yakan zurfafa har ƙashi, daga nan sai kwanciya a babban asibiti wata da watanni, in an yi sa'a. Na biyu robar fitsari. Irin ta roba da aka fi samu ana canja ta kusan duk wata, jakar kuma ta zauna ƙasa da mara don kada fitsari ya koma. In aka bar ta wata biyu ko uku saboda babu sabuwa, gishiri yakan toshe ta, ƙwayoyin cuta su hau zuwa ƙoda. Alamar ita ce fitsari mai kauri da wari, zazzaɓi da rawar sanyi, ko jaka ta yi awanni babu ɗigo. Wannan ba abin jiran ranar kasuwa ba ne.

Maganin kuturta ba ta katin yake zuwa ba, shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta ne ke raba shi kyauta, na wata 6 ko na wata 12 gwargwadon nau'in cutar. Mun kawo shi nan ne don ya nuna abin da yankewa ke yi: maganin ya yanke a Najeriya kusan shekara guda, bai iso ba sai a Maris 2025, kuma jijiyar hannu ko ta ido da ta mutu a lokacin jira ba ta dawowa. Wanda ya warke ma yana buƙatar asibitin mazaɓa don ƙafarsa, tun da ba ya jin ƙaya ko ƙusa. Jiƙa ƙafa a ruwa minti 20 kullum, goge kaushi, shafa man kaɗanya da sa takalmi mai taushin ciki suna hana gyambo, amma in ya riga ya fito sai da wanki irin na sama.

Keken guragu, sandar dogarawa, na'urar ƙara ji, ƙafar roba, gashin ƙashi da man kariya daga rana na zabiya, duk ba a samunsu da wannan katin a asibitin mazaɓa. Wannan shi ne babban giɓinsa. Zabiya da ke noma a ranar Gumel ko Haɗejiya ba tare da malafa, riga mai dogon hannu da man kariya ba, ƙurajen da ke fito masa a wuya da kunne suna iya zama kansar fata. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe kuma ana gyara shi ba tare da babbar tiyata ba in an fara da wuri: filasta duk mako sau biyar zuwa takwas, ɗan yanka a jijiyar dunduniya, sai takalmin ƙarfe awa 23 a rana na wata uku, daga nan da dare kawai har shekara huɗu ko biyar. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana yi. Abin da ke karya iyaye shi ne zirga-zirgar mako-mako, kuma in aka tsaya a tsakiya ƙafar komawa take yi.

Turawa babban asibiti tana da tsarinta, kuma wanda ya tsallake shi zai biya daga aljihu. A fara zuwa asibitin da aka yi rajista. Incaji ya cike takardar turawa, a nemo lambar amincewa daga hukuma, sannan a tafi da kati da takardar. Inda abin ke lalacewa: babu sabis a waya, ranar Asabar ce, ko dangi sun ruga kai tsaye cikin dare. In rai ne a kan gaba a tafi kawai, domin dokar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, amma washegari wani ya koma wurin incaji a daidaita takardu kafin a fara rubuta kuɗi. A babban asibiti a nemi teburin inshora tun daga ƙofa, kada a fara biya da fatan za a mayar.

Ragin kuɗin lafiya ba kasafai ake shelarsa ba. Yakan zo ne da fuska uku. Ko a rubuta kuɗi a kasafi a ƙi sakinsu a kan lokaci, sai asibiti ya ci bashin magani har mai kawowa ya daina. Ko a bar adadin yadda yake alhali farashi ya tashi, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira, lokacin da magunguna suka yi tashin gwauron zabi. Ko a rufe sabuwar rajista, wanda ya rasu ba a maye gurbinsa ba, wanda ya nakasa bana ya jira. A kan wannan aka ƙara dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, wanda ya taɓa shirye-shiryen tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro da cuta mai karya garkuwar jiki, ya jefa ƙarin nauyi a kan asibitocin da dama a takure suke. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawari a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa can ba. Ba a kan yalwa ake ragewa ba, a kan ƙaranci ne.

Masu kare ragi sukan ce kowa ya ɗan jure. Amma mai ƙafa da aka ce wa babu magani zai hau babur ya je kemis. Gurgu sai an samo mai ɗaukarsa, ɗan acaɓa ya caji kuɗin mutum biyu da na keke, mai rakiya ya rasa aikin yini. Jinkirin wata guda ga mai lafiya jinkiri ne. Ga mai robar fitsari ko mai farfaɗiya, ƙoda ce ko ƙuna.

Abin da muke nema a wurin majalisun jiha da na tarayya bai da yawa: kada a taɓa kashi 1 ɗin, a ma ninka shi, a saki kuɗin kai a farkon wata, a riƙa daidaita shi da farashin magani, a ware wa masu nakasa gurbi na musamman a kowace mazaɓa tare da rajistar gida-gida, a tilasta ajiye maganin farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa, robar fitsari da kayan wankin gyambo a kowane asibitin mazaɓa, a kuma fara biyan kuɗin motar turawa. Ƙungiyoyin masu nakasa suna da ƙofar da ba su cika bi ba, wato kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda shugabansa ke sa hannu tare da incaji a asusun asibiti. Su nemi kujera a ciki. Su buɗe littafi guda: kwanan wata, sunan maganin da aka ce babu, kwana nawa ya yi bai zo ba, da abin da aka kashe a waje. A ƙarshen kowane wata uku a kwafi shafin gida uku, ɗaya ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɗaya ga ofishin hukumar taimakekeniya, ɗaya ga ɗan majalisar jiha kafin a fara zaman kare kasafi a ƙarshen shekara.